Ƙwayar jiri, maganin ƙarin jini ko gadon likita: wanne ya dace da jirinka?

Gwaggona da ke cikin Birni ta shafe wata huɗu tana sallah a zaune, alhali ƙafafunta lafiya lau. Da zarar ta kai goshi ƙasa sai ɗakin ya kama wulwulawa da ita, rufi ya dawo ƙasa, darduma ta koma sama. Haka in ta juya kwanciya zuwa hannun dama cikin dare, haka in ta ɗaga kai za ta sauko da kwano daga saman kabad. Abin ba ya daɗewa. Kafin ta gama salati uku ya lafa, ya bar ta da tashin zuciya da fargabar sake motsa kai. Har ta koma tafiya wuya a sanƙare kamar mai ɗauke da tulu.

A cikin watannin nan mun bi hanya uku, ɗaya bayan ɗaya. Matan gida suka ce jini ne ya yi ƙasa, aka sayo kwalaben maganin ƙarin jini, aka haɗa mata da maltina da madara da kwaɗon zogale. Da abin ya ƙi, wani mai kemis ya ba da ƙwayar jiri, safe da dare. Daga ƙarshe muka kai ta wurin likitan kunne. Duk wanda jiri ya taɓa ɗiba a garin nan na Zariya, daga Sabon Gari har Samaru, hanyoyin nan uku ne a gabansa, kuma kowacce akwai irin jirin da take warkarwa. Asarar kuɗi da ta lafiya tana zuwa ne in an ɗauki maganin wani jiri an ba wa wani.

Tambaya biyu kafin a kashe ko sisi

Mukan ce jiri, ko juwa, ko hajijiya, mu cusa abubuwa da yawa cikin kalma ɗaya. Wani ɗaki ne ke juya masa. Wani duhu yake gani in ya miƙe, ya ji kamar zai sume. Wani kansa garau, amma in yana tafiya sai ya riƙa layi kamar ƙasa na zamewa a ƙarƙashinsa.

Tsayuwar mutum a kan ƙafa biyu aikin shaidu uku ne. Ido yana faɗin inda sama da ƙasa suke. Jijiyoyin tafin ƙafa da gaɓoɓi da wuya suna faɗin yadda jiki ya taka. Can cikin ƙashin kai kuma, bayan dodon kunne, akwai kunnen ciki mai bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, da wasu 'yan jakunkuna biyu, su ne ke faɗin ko kai ya juya ko ya karkata. Ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke ƙeya ita ce alƙalin da ke sauraron shaidun. In bakinsu ya zo ɗaya, mutum ba ya ma sanin ana wani aiki a jikinsa. In ɗaya ya saɓa wa sauran, ko kuwa alƙalin kansa jini bai isa gare shi ba, sai jiri.

Don a gane wanda ya saɓa, likitoci sun fi dogara da tambaya biyu: jirin yana ɗaukar tsawon wane lokaci, kuma me ke tayar da shi? Wanda bai kai minti ɗaya ba, kuma sauya matsayin kai ne ke kawo shi, kusan kullum daga kunnen ciki yake. Wanda ke zuwa in an miƙe daga zaune ko kwance ya fi kama da maganar jini, ko ruwan jiki, ko magungunan da mutum ke sha. Wanda ke yin minti 20 zuwa awa 12 tare da ƙara a kunne da dushewar ji, wata cuta ce daban. Wanda ya zo ya zauna wuni da kwana ba hutawa, shi ne mai fuska biyu, ɗaya mai sauƙi ɗaya mai kisa. Da amsar tambayoyin nan za a auna kowace hanya.

Maganin ƙarin jini da ƙarin ruwa

Gida da wannan yake farawa, kuma ba a banza ba. Ƙarancin jini ya yi yawa a cikinmu: mai juna biyu, mai jegon da ta zubar da jini wajen haihuwa, budurwa mai yawan jinin al'ada, yaron da maleriya ta sha kayarwa, mai sikila, mai tsutsar ciki. Jirinsu yana da kamanninsa. Ɗaki ba ya juyawa. Mutum zai miƙe ne duhu ya rufe masa ido, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, in ya hau bene ya kama haki. In ka ja fatar idonsa ta ƙasa za ka ga ta yi fari, haka ma tafin hannu.

Abin da nake so mutane su riƙe shi ne ana auna wannan, kuma kuɗin awon bai kai na kwalabe uku ko huɗu ba. Ɗigon jini daga yatsa, a ɗakin gwaji komai ƙanƙantarsa, zai nuna abin da ake rubutawa PCV a takarda. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa akwai ƙarancin jini in sinadarin himogulobin, mai ba jini jan launinsa, ya gaza giram 13 a desilita ga namiji, 12 ga mace, 11 ga mai ciki. Da aka auna na Gwaggo daga baya, jininta cike yake. Kwalaben da ta sha ba su ƙara mata komai ba sai taurin bayan gida.

In kuma an auna an ga ya yi ƙasa da gaske, saura tambayar ina yake tafiya. Magidanci ko tsohuwar da ta daina al'ada ba su da dalilin rasa jini haka kawai. Sau da yawa olsa ce ke tsiyaya a ciki, musamman ga masu yawan shan ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen. Alamarta baƙin bayan gida, kuma maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe shi ma yana baƙanta bayan gida, don haka sai ya rufe alamar.

Kusa da wannan akwai ƙarancin ruwa. Zafin Maris da Afrilu, azumi a tsakiyar bazara, lebura a wurin gini, ɗan acaba da ya wuni a rana a Kwangila, mai gudawa da amai. Maganinsu inuwa da ruwa da ruwan gishiri da sukari. Ƙarin ruwa ta jijiya na wanda ba ya iya sha ne, ko wanda ya galabaita. Ɗaura wa dattijo mai ciwon zuciya ko ƙoda leda biyu a gida don ya ce yana jiri na iya tara masa ruwa a huhu.

Akwai gwaji ɗaya da duk mai na'urar awon hawan jini zai iya yi. A kwantar da mutum minti 5 a auna, sannan ya miƙe a sake aunawa bayan minti 1 da bayan minti 3. In lambar sama ta faɗi da 20 ko ta ƙasa da 10, an kama ɓarawon. Dattawa da yawa masu shan maganin hawan jini, musamman mai sa yawan fitsari, wannan ne jirinsu, kuma gyaransa likita ya sake duba adadin maganin. Kada mutum ya daina sha da kansa. Kafin nan ya saba da zama a bakin gado na ɗan lokaci kafin ya miƙe alwalar asuba. Mai ciwon suga kuwa, in jiri ya zo masa da gumi da rawar jiki da yunwa, suga ne ya faɗi, kuma ƙasa da 70 a na'ura ba ya jiran komai sai dabino ko sukari nan take. In kuma mutanen ɗaki ɗaya suka tashi gaba ɗaya da ciwon kai da jiri, a duba janareta a baranda ko gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, a fitar da kowa waje.

Ƙwayar jiri daga kemis

Ita ce mafi sauri da mafi kusa. Ba yankar kati, ba kuɗin mota. Abin da aka fi miƙowa shi ne cinnarizine, wanda aka fi sani da Stugeron, sai Stemetil da Avomine. Duk aikinsu kusan ɗaya ne: suna rage ƙarfin saƙon da ke fitowa daga kunnen ciki, suna danne tashin zuciya. Wato suna sa shaidan da ya saɓa ya yi shiru. Ba sa gyara abin da ya sa ya saɓa.

Ba zan raina ƙwayar nan ba, akwai inda take rahama. Wani lokaci jijiyar da ke ɗauko saƙo daga kunnen ciki takan kumbura, galibi ana danganta hakan da ƙwayar cutar bairos, wani sa'in bayan mura. Mutum zai tashi duniya na juya masa ba tsayawa, amai ba ƙaƙƙautawa, ko ruwa ba ya zama. Wanda ya ga mai wannan hali ya san dole a ba shi abin da zai sassauta masa. Haka wanda mota ke sa wa jiri da amai, in ya sha kafin ya hau hanyar Kaduna ko Kano zai isa lafiya. Haka mai cutar nan ta ƙarar kunne a lokacin da ta taso masa.

Sai dai ko a inda ta dace, iyakarta kwana biyu zuwa uku. Dalilin yana da ban sha'awa. In kunne ɗaya ya raunana, ƙwaƙwalwa takan koyi aiki da abin da ya saura, ta ƙara dogara da ido da ƙafa da ɗaya kunnen. Wannan koyon ba ya yiwuwa sai tana jin saɓanin, mutum yana motsi, yana juya kai, yana ɗan jin jirin yana jurewa. Wanda ya kwanta a ɗaki mai duhu yana shan ƙwaya mako uku ya hana ƙwaƙwalwarsa karatun, shi ya sa za ka gan shi bayan watanni yana dafa bango. Tun a shekarun 1940 wasu likitoci biyu a Ingila, Cawthorne da Cooksey, suka tsara motsa jiki na ido da kai da tafiya don gaggauta wannan koyo, kuma har yau masu gashin ƙashi a asibiti suna koyar da irinsa.

Ga jiri irin na Gwaggo kuwa, ƙwayar ba ta da wurin shiga. Jirin daƙiƙa 20 ne ko 30, ya wuce tun kafin ƙwaya ta narke a ciki. Abin da ta samu a wata biyun da ta sha shi ne barci da kasala. Tana zaune ana hira sai gyangyaɗi, tafiyarta ta ƙara rauni, kuma sujada na nan yadda take. Wannan barcin ba ƙaramin abu ba ne ga tsohuwa mai fita bayan gida cikin dare, domin faɗuwa ɗaya ke karya ƙashin ƙugu. Ba ƙarami ba ne ga direba ko ɗan acaba ko mai hawa tsani. Cinnarizine in dattijo ya daɗe yana sha yana iya kawo rawar hannu da sanƙarewar jiki da jan ƙafa, har a ɗauka wata sabuwar cuta ce ta tsufa. Stemetil da maganin amai na Maxolon kuma, musamman a yara da matasa, sukan murɗe wuya, ido ya kafe sama, harshe ya fito. Na san gidajen da suka ga haka suka ce iska ce, alhali allura ɗaya a asibiti ke sake shi.

Tunda ana maganar kemis, akwai abin da ke ci mini rai. Allurar gentamicin, da ake yi barkatai don taifot ko ciwon sanyi, tana iya kashe ƙwayoyin ma'aunin da ke kunnen ciki duka biyu, kuma yawanci ba sa dawowa. Mai wannan ba ya ganin ɗaki na juyawa. In yana tafiya ne komai ke rawa a idonsa, ba ya iya karanta allon shago sai ya tsaya cak, in dare ya yi kuma tafiya ta gagara. Streptomycin ma haka take yi. Kinin yana kawo ƙarar kunne da jiri, sai dai nasa yakan wuce in an daina. Duk wanda jiri ya fara masa yana tsakiyar karɓar allurai, ya faɗa wa likita ranar, kada ya ƙara ƙwayar jiri a kai.

Gadon likita

Wannan hanya ita ce mai cin wuni guda. Kuɗin mota, yankar kati, jira. Abin da take bayarwa wanda sauran biyun ba su da shi shi ne a gano wane shaida ne ya saɓa.

Likitan da ya ga Gwaggo bai fara da takardar gwaji ba. Ya ce, "Hajiya, in ya taso, minti nawa yake yi?" Ta ce, "Ɗan nan, ai ba ya kai minti, amma kamar shekara nake ji." Ya tambaye ta ɓangaren da take juyawa ya taso, ta nuna dama. Ya leƙa kunnuwan, ya auna jini a kwance da tsaye, sannan ya zaunar da ita a kan gado. Ya gaya mata gaskiya cewa zai tayar da jirin da gangan, ta riƙe hannunsa, kada ta rufe ido. Ya karkata kanta zuwa dama rabin juyi, ya kwantar da ita da sauri har kan ya ɗan rataya a bakin gado. 'Yan daƙiƙu shiru, sai ta saki salati, ni kuma da nake tsaye na ga ƙwayar idonta tana fizga tana murɗawa. Kafin rabin minti ta tsaya. Ya ce, "Shi ke nan, na dama ne."

Ga abin da ke faruwa. A cikin jakunkunan nan na kunnen ciki akwai wasu ƙananan tsakuwoyi na sinadarin alli, ido ba ya ganinsu, nauyinsu ne ke sa mu san mun karkata. Saboda shekaru, ko bugu a kai, ko doguwar kwanciyar jinya, ko ba wani dalili, wasu sukan ɓalle su faɗa cikin ɗaya daga bututun nan uku, galibi na baya. In kai ya sauya matsayi sai su gangara su ja ruwan, kunne ya aika saƙon cewa ana juyawa alhali ido na ganin komai a tsaye. In sun kwanta, jirin ya tsaya. Shi ya sa ruku'u da sujada da juyin kwanciya ke tayar da shi. A katin asibiti BPPV ake rubutawa, ni jirin tsakuwar kunne nake ce masa. Shi ne kan gaba a jirin da ke fitowa daga kunne, ya fi kama mata da waɗanda suka haura 50. Gwajin da aka yi wa Gwaggo likitoci biyu ne a Landan, Margaret Dix da Charles Hallpike, suka bayyana shi a 1952.

Maganin kuwa ci gaban gwajin ne, a kan gadon, ba tare da ta tashi ba. In tsakuwa ta shiga lanƙwasasshen tiyo, ba a fitar da ita da zuba magani, karkata tiyon ake yi daki-daki har ta gangaro. Daga inda kan yake rataye a dama, ya juya shi a hankali zuwa hagu, ya jira kamar rabin minti. Ya sa ta mirgina a kan kafaɗar hagu har fuskarta na kallon ƙasa, ya sake jira. Sannan ya tayar da ita zaune, kai a ɗan sunkuye. Tsakuwoyin sun zagaye bututun sun koma jakarsu. Wani likitan kunne a Amurka, John Epley, shi ya tsara wannan juyi, ya wallafa shi a 1992, kuma mafi yawan masu wannan jiri suna warkewa a zama ɗaya ko biyu. An maimaita wa Gwaggo sau biyu, duka bai kai minti 15 ba. Ta kwana biyu tana jin kanta sakayau, a rana ta uku ta kai goshinta ƙasa a sallar azahar.

Za a ga bidiyon wannan juyi a intanet, kuma wanda likita ya riga ya tabbatar masa da cutar da kunnen da abin ya shafa zai iya koyon yi a gida. Karon farko dai ban ba da shawarar a yi shi a gida ba. In an juya ta ɓangaren da ba shi ba, ba a yi komai ba. In tsakuwar a bututun gefe take, wani irin mirgine ake yi daban. Mai ciwon ƙashin wuya ko matsanancin ciwon baya kuma sai an sauya masa salo.

A gadon nan ake rarrabe sauran. Mai jirin awanni da ƙara a kunne ɗaya, da jin kunnen ya toshe, da jin da ke dushewa yana dawowa, ana zargin cutar Meniya, mai sunan likitan Faransa Prosper Ménière da ya bayyana ta a 1861. Ruwan kunnen ciki ne ke yin yawa. Sai an yi awon ji, kuma abin da aka fi farawa da shi rage gishiri, wanda a girkinmu ya haɗa da magi da kanwa. Akwai kuma jirin da ke tafiya da ciwon ɓarin kai, daga minti 5 har kwana 3, mai shi ba ya son haske ko hayaniya, wani lokaci ma kan ba ya ciwo. Ɗaliban Samaru da Kongo masu kwana karatu da tsallake abinci su lura da wannan, domin gyaran barci da cin abinci a kan lokaci rabin maganinsa ne. Wanda kunnensa ya daɗe yana zubar da ruwa mai wari, sannan jiri ya shigo, ciwon ya fara cin ƙashi ke nan, kuma ɗiga magani ba ya isa, wani sa'in sai tiyata.

Inda babu zaɓi

Wani tela maƙwabcinmu, mai hawan jini da ba ya shan magani sai in kai ya sara, ya tashi daga kan keke da la'asar jiri ya kwashe shi. Amai, ya kasa tsayuwa ko an riƙe shi, maganarsa ta ɗan yi nauyi. Aka ba shi ƙwayar jiri aka ce ya kwanta zuwa safe. Da aka kai shi asibiti washegari, jini ne ya toshe a ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya. Ya rayu, amma har yau da sanda yake tafiya.

Mun saba gane shanyewar ɓarin jiki da karkacewar baki da mutuwar hannu. Wadda ta faɗa a ƙeya tana iya zuwa da jiri da amai kawai, ta yi kama da kumburin jijiyar kunne da na ambata. Abin da ke tona ta: mutum ya kasa tsayuwa ko zama shi kaɗai, ganin abu ɗaya ya zama biyu, nauyin harshe, ƙwarewa in an sha ruwa, dindiris a fuska ko ɓarin jiki, hannu ya kasa kai cokali baki daidai, sabon ciwon kai mai tsanani a ƙeya, ko kunne ɗaya ya toshe farat ɗaya. Ko babu ɗaya daga ciki, in mai hawan jini ko ciwon suga ko dattijo ya samu sabon jirin da ya ƙi tsayawa, sashen gaggawa za a nufa, ko da tsakar dare ne. Maganin narkar da gudan jini galibi ba a ba da shi sai cikin awa 4 da rabi da farawa, kuma kumburin ƙeya a kwanakin farko yana iya danne cibiyar numfashi, don haka kwanciya a gaban ma'aikata ita kanta magani ce. Hoton ƙwaƙwalwa na CT yakan fito lafiya a awannin farko alhali ciwon na nan. Ɗaya nau'in hoton, MRI, ya fi gani, kuma likitan da ya ƙware yana karanta abubuwa da yawa daga motsin ido kaɗai. Haka nan jirin da ya zo da suma, ko ciwon ƙirji, ko bugun zuciya da ya rikice, shi ma sashen gaggawa za a nufa. Mace mai ciki da jiri ya zo mata da ciwon kai da kumburi da dishi-dishin gani, ko da ciwon mara da zubar jini, ita ma ba ta kwana a gida.

Wace ƙofa a Zariya

Ba kowane jiri ne ke buƙatar asibitin koyarwa na Shika ba. Awon jini, awon suga, gwajin maleriya da awon hawan jini a kwance da tsaye, asibitin unguwa ko babban asibiti irin na Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan sun isa, kuma da su ya kamata mai jirin miƙewa ya fara. Mai jirin juya kai, ko mai ƙarar kunne da dushewar ji, ko mai kunne na ruwa, sashen kunne da hanci da maƙogwaro yake nema, kuma akwai shi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, tare da likitocin ƙwaƙwalwa da sashen gashin ƙashi. A Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, ga wanda aka tura don zurfafa awon ji. Kemis na da amfani ga wanda an riga an san cutarsa, an rubuta masa abin da zai saya da kwanakin da zai sha.

In za a je, a zuba duk magungunan da mutum ke sha a leda a tafi da su, har da na gargajiya da allurar da aka yi masa a makonnin baya. A je da wanda ya ga abin da idonsa. In da waya, a ɗauki bidiyon idon mara lafiya lokacin da jirin ya taso, domin sau da yawa kafin a isa gaban likita ya lafa. Kada a sha ƙwayar jiri a ranar, tana iya ɓoye rawar idon da ake son gani. Addu'a da tofi ba sa hana ko ɗaya daga cikin wannan, kuma sallah a zaune rangwame ne da addini ya ba mara lafiya har ya samu sauƙi.

Jirin tsakuwa yana dawowa ga mutane da yawa, kuma an ga alaƙa tsakanin yawan dawowarsa da ƙarancin bitamin D, abin da ya kamata a duba ga tsofaffin mata da ba sa fita rana. Na Gwaggo ya dawo bayan shekara ɗaya da 'yan watanni, wannan karon ta hagu. Ita da kanta ta kira ni bayan asuba ta ce, "Tsakuwar nan ce ta sake zamewa, zo ka kai ni a juya ni." Kafin azahar mun dawo gida.